Baƙuwar Yaya Garba

Samarin da ke haɗa kiɗa a kwamfuta sukan biyo ta rumfata a Ƙofar Kaura, su ɗaga asabari su leƙo, su ga gangunan turawan da ke kusurwa, su yi dariya. Kusan kowannensu abu ɗaya yake faɗa: "Baba, ai a baibai ka jera su." Wani har hannu yake kaiwa zai gyara mini, sai in ce ya bar su yadda ya gan su. Daga nan sai su shiga ba ni labarin sana'ata, wai ai fata ce kawai a ja a kan ice a ɗaure, ko yaro zai iya. Ba na musu da su, don ni ba mai yawan magana ba ne. Amma na ga gara in rubuta, ko wani cikinsu zai karanta ya san abin da ya sa gangunan nan suke jere haka.

Sunana Sani, a unguwa Sani mai ganga ake ce mini. Gidanmu gidan kiɗa ne. Mahaifinmu makaɗin kalangu ne na mahauta, haka ya gada wurin nasa uban. Ni ban yi nisa a bugu ba, hannuna ya fi faɗawa ga haɗa ganga da gyaranta, kuma yau shekara arba'in da 'yan kai ina wannan aiki.

Aikin farko da Baba ya ba ni shi ne wasa aska. Damina biyu na yi ina wasa aska ina jiƙa tsarkiya, wato siraran igiyoyin fata da ake ɗaure kalangu da su, ban taɓa fatar kiɗa ba. Ranar da ya miƙo mini fatar ɗan akuya ya ce in kankare gashin, ban kai rabi ba askar ta zame ta yi huda kamar ƙwayar gero. Na ɗauka ba zai gani ba. Ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, hasken ya biyo ta hudar ya sauka a goshinsa. Sai ya mayar da ni wasa aska har wata uku. Daga baya ya koya mini ƙwanƙwasa kango. Kango shi ne icen ganga kafin a sa mata fata. Ka rataye shi a hannu, ka buga da bayan yatsa, ka saurara. Kangon da zai yi magana yakan ja sautin ya sake shi a hankali. Wanda ke da tsaga a ɓoye, ko aka sassaƙa icensa ɗanye, sai ya ce kaf ya yi shiru. Baba yana cewa fata bakin ganga ce kawai, muryar a ice take.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai gizagon Baba, wanda ƙotarsa ta lotsa daidai wurin yatsunsa, har yau in na riƙe sai hannuna ya bi nasa. Akwai aska biyu, da basilla, da magagari. Sai wani faffaɗan dutse mai santsi da nake kifa bakin kango a kai in ga ko ya daidaita. In na kifa na ga haske yana shiga ta wani gefe, sai in goga sauran bakin har hasken ya ɗauke. Dutsen nan shi ne alƙalina, abin da ya yanke ba na ɗaukaka ƙara.

Masu kawo mini aiki iri-iri ne. Makaɗan dambe kullum cikin sauri suke, su kawo ganga da hantsi su ce da la'asar ake wasa. Malaman firamare su zo da gangunan fareti da yara suka fasa. Akwai kuma Malam Bitrus, malamin makaranta ne, shi ke buga gangunan cocinsu, irin na turawa da suke ce wa jaz. Tun da ya gano fatar maraƙi ta fi ta roba daɗin ji, yakan kawo mini in ɗaura masa. Fatar kawai nake sawa, ban taɓa kwance irin gangar har ƙasa ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta kulle, lokacin korona. Babu biki, babu dambe, makarantu a rufe. Fatun da na shanya suka zauna har ƙwari suka cinye su, na koma ɗinkin takalma a ƙofar gida da basillar da nake ɗinka kalangu. Wasu abokan sana'a daga nan ba su dawo ba. Da aka buɗe gari kuma sai na tarar yawancin bukukuwa sun koma na lasifika. Na ɗauka duk abin da zan gani a sana'ar nan na gama ganinsa. Ashe babban aikin yana gaba, kuma a cikin danginmu yake.

Yaya Garba ya girme ni da shekara goma sha biyu. Tun ina ƙarami maganar da nake ji a kansa guda ce: Garba ba shi da hannu. A gidan kiɗa babu maganar da ta fi wannan nauyi. An ce Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, amma in Yaya ya rataya kalangu ya ɗauki gula, sandar bugu, sai kiɗan ya riƙa tuntuɓe kamar mai tafiya da takalmin wani. Mahauta suna tsokanar Baba wai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ina ɗan shekara biyar Yaya ya bar gida ya yi kudu. Bai dawo ba sai da na zama saurayi, ya zo da matarsa, Yaya Dije, da waɗannan ganguna a bayan a-kori-kura. Baba ya tsaya a ƙofar zaure ya ce baƙuwar nan ba za ta kwana a gidansa ba. Sunan ya bi ta, har shi Yaya da kansa Baƙuwa yake ce mata. Ya nemi gidansa daban, ya yi 'yan shekaru yana buga ta a wani otal wajen GRA. Baba ya hana kowa a gidanmu zuwa, ni kuma ban je ba. A raina cewa nake, wanda kalangu ya gagara ne ya gudu wurin gangar da ake zama a kujera a buga. Da otal ɗin ya daina kiɗa sai ya sami aikin direba a wani ofis, ya kulle Baƙuwa a ɗakin zaurensa. Ban taɓa jin ya buga ta ba, ko sau ɗaya.

Bara ya kwanta ciwo. Kwana uku kafin ya cika, ina zaune gefen katifarsa, ya ce in matso.

"Sani, in na tahi ka tashi Baƙuwa. Dije ta ji ta ko sau ɗaya."

Na ce in sha Allah shi da kansa zai buga mata.

"Bar wannan. Abu guda dai, kar ka gyara abin da bai lalace ba."

Na ce to. Amma gaskiya a raina cewa na yi, wai wanda ba shi da hannu ne yake koya mini sana'ata. Allah ya jiƙansa. Ranar Talata muka kai shi.

Bayan addu'ar bakwai babban ɗansa Kabiru, wanda ke aiki a Kaduna, ya same ni. Ya ce da zarar mahaifiyarsu ta fita takaba zai tafi da ita can, a zuba 'yan haya a gidan, tarkacen ɗakin zaure kuma 'yan gwangwan su kwashe. Na faɗa masa wasiyyar mahaifinsa. Sai ya ce in ta tashi kafin ranar, to, a kawo Umma ta ji. In ba ta tashi ba, kada ma a dawo da ita, ba ya son Umma ta ga ɓaraguzanta ta ƙara wani kukan. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kuma an riga an ci bakwai.

Da na buɗe ɗakin na tarar da ganguna huɗu. Akwai babba da ke kwanciya a ƙasa, da ƙafa ake buga ta. Akwai 'yar sama da ke hawa bisa kanta, da wata mai ƙafa uku da ke tsayawa ita kaɗai, sai wata marar zurfi mai siraran wayoyi shimfiɗe a fatar gindinta. Ga farantan tagulla da ake bugawa tare da su a jingine, sun yi kore. Ɓeraye sun yi gida a cikin babbar, fatun duk sun yage, ƙarafan sun ci tsatsa. Amma gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Da na duƙa sai na ga a kan bulo aka ɗora su, an zagaye bulon da baƙin mai, kuma man bai daɗe ba. Ashe duk shekarun nan yana shiga yana sabuntawa.

Mako guda na yi ina jiƙa notocin a kananzir kafin su yarda su juya. Kowace ganga na ware wa ƙarafanta gwangwanin madara, don kada su cakuɗe. Noti ɗaya ya karye a hannuna, sai da wani maƙeri a Babbar Kasuwa ya ƙera mini irinsa. Da na tuɓe babbar ta zama kango zalla, sai na zauna ina kallonta. Mu gungume muke samu mu rarake cikinsa. Wannan ba rarakewa aka yi ba. Ice ne aka yanka falle-falle, kowane falle bai fi kaurin kwali ba, aka lanƙwasa su aka manne har uku, suka zagayo suka haɗu ba tare da ka ga inda suka haɗu ba. Ganga ce da yaro zai shiga ya zauna, amma da hannu ɗaya na ɗaga ta. Na rataye ta na ƙwanƙwasa yadda Baba ya koya mini. Sautin ya fito ya zagaya rumfar ya ƙi mutuwa, har a haƙorana na ji shi. Na sake bugawa don in tabbatar ba kunnena ba ne. A ciki kuma, kusa da baki, na ga 'yan haruffa da fensir, rubutun wanda ya haɗa ta. Wani mutum ne a ƙasar da ba zan taɓa zuwa ba, wataƙila ya daɗe a ƙasa, amma na san ya rataye kangon nan ya ƙwanƙwasa kamar yadda na yi. Na share ƙurar da ke kewaye da rubutun, na bar shi.

Da mai waya na fara, don ita ce ƙarama, na ɗauka ita ce mai sauƙi. Na kifa bakin gindinta a kan dutsena, sai ga haske yana shiga ta gefe biyu masu kallon juna. Na ce shekaru ne suka cinye icen. Na ɗauki magagari da sanfefa, kwana biyu ina goga har hasken ya ɗauke, bakin ya zauna daram. Na goge bayanta ma tas, na shafa sabon folish. Na jiƙa fatar maraƙi, na kankare ta har ina ganin inuwar yatsana ta bayanta, na naɗe ta a zoben ice, na bar ta ta bushe a inuwa kwana biyar. Na ɗaura, na mayar da wayoyin, na buga. Abin da ya fito kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. In na tsananta wayoyin sai ta shaƙe, in na sassauta sai ta yi ta zuza ba ta tsayawa. Na canza fata, na canza wayoyi, na sake kifa ta a dutse, dutse ya ce lafiya lau. Mako uku ina wannan, takaba ta kusa rabi, sauran ukun kuma ko fata ban jiƙa musu ba.

Na aje girman kai na kai wa Malam Bitrus. Ya cire fatar gindin, ya bi bakin icen da babban yatsa, ya zagayo, ya sake zagayowa.

"Malam Sani, ina kwarin nata?"

Na ce wane kwari. Ya ce masu ƙera irin wannan da gangan suke rage bakin a wuri biyu, inda wayoyin ke bi, don su kwanta su manne da fata. Ba don haka ba wayar a sama take yawo. Na faɗa masa abin da na yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai da dutsenka kun yi wa mai lafiya ɗori."

Ban faɗa masa maganar Yaya ba. Na dai dawo rumfa na zauna, ranar ban ƙara taɓa komai ba.

Washegari ya kawo mini ta cocinsu na auna. Zurfin kwarin bai fi falle biyu na kwali ba, kuma ba rami ba ne, gangara ce da ke sauka a hankali ta hau a hankali. Kwana huɗu na yi ina mayar da abin da na goge cikin kwana biyu. In ja magagari sau ɗaya, in kifa a dutse, in duƙa in leƙa. Shekara arba'in ina korar haske daga ƙarƙashin kango, ga ni yau ina lallashinsa ya dawo. Da na mayar da fata da wayoyi na buga, sai ta ce tas, kamar an karya busasshen kara, wayoyin suka amsa suka yi shiru a tare. Mai shayin da ke gefena ya leƙo ya ce mi ya fashe.

Tun daga ranar na fara tsoron hannuna. Sauran ukun kowacce da tabonta. Babbar tana da doguwar ƙujewa a gefe ɗaya, har farin ice ya fito. 'Yar sama tana da wani tabo kamar faɗin babban yatsa. Mai ƙafa uku kuma akwai wurin da ya yi baƙi ya yi santsi, kamar ƙotar da ta sha riƙo. Na riga na sayo sanfefa don in shafe su duka, sai na fasa. Na wanke icen da ɗanyen tsumma, na goga a hankali inda tsohon folish ya ɓare kawai, sannan na shafa sabo siriri sau uku, ina barin kowanne ya bushe, na bi ta kan tabban ban taɓa su ba. Launin ya fito ja kamar zoɓo. Farantan kuma da ruwan tsamiya da toka na wanke su, yadda mata ke wanke tasa. Fatar babbar ta fi ba ni wuya, don sai maraƙin da bai sha ƙaya ba. Wani tsohon mahauci a kwata, wanda Baba ya yi wa ubansa kiɗa, shi ya zaɓar mini. Ya tambaye ni gangar wa ce, na faɗa masa. Ya ce, "Garba marar hannu? Allah ya jiƙan shi." Na ce amin.

Saura kwana uku a fita takaba Malam Bitrus ya zo ya jera su, don ni ban san yadda ake jerawa ba. Ya sa mai waya ta hagunsa, mai ƙafa uku ta damansa, yadda kowa ke yi. Ya zauna ya fara. Ni da na tashi a gidan kiɗa ban taɓa tsayawa kusa da abu irin wannan ba. Mutum ɗaya, hannu biyu da ƙafa biyu, kowanne da maganarsa, kamar makaɗa huɗu da suka shekara tare. Babbar tana bugawa ina jin ta a ƙirjina. Masu keke suka tsaya a bakin titi. Can sai ya tsaya cak. Ya leƙa gefen hagu na babbar, inda doguwar ƙujewar take, ya ga babu abin da ke taɓa wurin. Ya leƙa dama, ya ga mai ƙafa uku ta jingina da lafiyayyen ice. Sai ya tashi ya sauya komai, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Ina tsaye ina kallo kowane tabo ya sami abokinsa. Ƙarfen mai ƙafa uku ya faɗa daidai cikin ƙujewar babbar. Bakin mai waya ya zo ya taɓa tabon 'yar sama. Da ya zauna, wurin nan mai baƙi da santsi ya zo daidai gwiwarsa.

"Malam Sani, yayanka bahago ne."

Na ce a'a. Na ce a kwano ɗaya muka sha cin tuwo, da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake sa hannu a takarda.

"Ni ban san shi ba. Amma ice ba ya ƙarya. Zo ka ga wani abu."

Ya nuna mini zoben ƙarfen mai waya, wanda Allah ya sa ban goge ba. Akwai wurin da sanda ta riƙa sauka har ƙarfen ya lotsa. Ya ce in auna faɗin wurin, na auna, bai kai yatsa biyu ba. Ya ce shi shekara talatin yana bugu, amma in na duba tasa zan ga tabon ya kai tafin hannu, don hannu yakan kauce. Wanda zai sauke sanda wuri ɗaya dare da rana shekara da shekaru bai kauce ba, shi dai bai taɓa haɗuwa da irinsa ba, kuma da ya so ya zauna kusa da shi ya yi kallo.

Na ce to ya buga a haka in ji. Ya gyara zama ya fara. Mutumin da ya tsayar da masu keke ɗazu, sai ga kiɗansa yana tuntuɓe, ƙafa ta riga hannu, hannu ya nemi ganga ya tarar ba ta nan, kamar mai tafiya da takalmin wani. Ya aje sandunan yana dariya, ya ce, "Ka gani ko? A haka ni ma ba ni da hannu."

Ni ban yi dariya ba. Ya tambaye ni ta yaya za a jera su ranar, na ce yadda mai su ya bar su.

Ranar fita takaba, bayan la'asar, ni da Malam Bitrus muka kai su zauren Yaya muka jera. Kabiru ya tura ƙofar waje. Yaya Dije ta fito cikin sabbin kaya ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida. Ba sheƙin gangunan ta kalla ba. Ta kalli inda mai waya take, ta kalli inda mai ƙafa uku take, sannan ta kalle ni.

"Sani, wa ya faɗa maka?"

Na ce Baƙuwa ce.

Ta zauna a tabarma. Ta ce sau ɗaya Yaya ya taɓa ba ta labarin, tun suna kudu. Yana ƙarami Baba ya ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da tsarkiya, damina guda, har ya koyi ci da dama. Ci ya koyu, gaisuwa ta koyu, rubutu ya koyu, kiɗa ne ya ƙi. Ranar da ya roƙa a bar shi ya mayar da maratayin kalangu ɗaya kafaɗar, Baba ya ce ba za a yi wa Sarkin Fawa kiɗa da hannun tsarki a gidansa ba. A kudu kuwa, mai ƙungiyar da ya ɗauke shi cewa kawai ya yi ya zauna yadda ya ga dama. Ta ce ya hana ta faɗa a gida, don kada a ga laifin Baba. Ta ce in ya ga babu mai kallo da hagu yake ɗaukar kofi, kuma a ciwon nan na ƙarshe da hagu yake karɓar magani, ina zaune a wurin. Na yi ta tunani ban tuna ba.

Malam Bitrus ya ba ta haƙuri, ya ce a wannan jeri ba zai iya yi mata kiɗan kirki ba, in tana so a juya na ɗan lokaci.

"A'a, Malam, kar ka juya mashi kaya. Ba kiɗa na zo ji ba, muryarta nake so. Taɓa su ɗaya bayan ɗaya."

Ya taka babbar, zauren ya amsa. Ya buga mai ƙafa uku, ya buga 'yar sama, yana barin kowacce ta gama maganarta. Da ya ɗaga sanda kan mai waya na sunkuyar da kai, don ni na san abin da na yi mata. Gangar ta ce tas. Yaya Dije ta rufe ido, ta ce ya ƙara. Ya ƙara.

"Ita ce," in ji ta.

Da ta buɗe ido ta goge fuska da bakin mayafi, ta dube ni ta ce, "Ashe kai ma kana da hannu, ƙanin miji." Kabiru ya ce Baƙuwa ta zauna wurina, ba mai taɓa ta. Washegari suka kama hanyar Kaduna.

Allah ya jiƙan Baba, abin da ya tarar shi ya yi. Ni dai na san kalangu baki biyu gare shi, ba shi da dama ba shi da hagu. Na haɗa su ba adadi, ban taɓa tsayawa na yi wannan tunani ba sai da na tsufa.

To, samari, ga amsarku. Ba a baibai suke ba. Ina share su kowace safiya, in damina ta sassauta fatun in ɗaure, in bazara ta ja su in sassauta. Muryarsu na ji, amma kiɗan da aka yi tabban nan da shi ban ji ba, don lokacin da ake yinsa ban je ba. Shi ya sa duk wanda ya leƙo cikinku, kafin ya buɗe baki, nakan duba hannun da ya ɗaga asabarin da shi.